Anti Fensir da Eriya ta Shida

A gidan rediyon da ke bayan gari, can inda kwalta ta ƙare, akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda wanda tagarsa ke kallon dogon ƙarfen eriya. Shekara talatin da huɗu mace ɗaya ce ke aiki a ɗakin nan. Ma'aikata na kiranta Anti Fensir, saboda ba a taɓa ganinta babu fensir soke a gefen ɗankwalinta ba. Sau da yawa takan birkita teburi tana neman fensir, tana zargin duk wanda ya leƙo, alhali guda biyu na kanta. Ba mai iya gaya mata sai ta gama faɗan, don kowa ya san bakinta.

'Yar tela ce. Tun tana shekara tara take ja wa mahaifinta layin alli a kan yadi, kuma hannunta ba ya rawa. In ta zana lanƙwasar hannun riga, sai ya ɗaga yadin a haske ya ce, "Wannan yarinya, ko ni albarka." Ya so ta gaji kekensa, amma ɗinki bai taɓa shiga ranta ba. Zanen take so. Da an ɗauko allura sai ta fara hamma. Bayan ta gama sakandare, wata rana suna shago, ta ji rediyo na cigiyar mai tsaftar hannu wanda ya iya zane. Washegari ta tafi, mahaifinta na ta mita, amma shi ya fere mata fensir uku da rezarsa.

Maza shida ta tarar suna jira. Babban Injiniya, wani dogon dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya, ya raba musu takarda mai da'irori da jerin lambobi, ya ce kowa ya sa ɗigo inda lamba ta ce, ya haɗa su da layi. Mazan suka gama suka fita shan iska. Ita ce ta ƙarshe. Dattijon ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan tata ya daɗe, sannan ya sauya tabarau ya sake dubawa.

"Me ya sa kika tsallake wannan lambar?"

"Ba ta yi kama da 'yan uwanta ba, ranka ya daɗe. In na bi ta, layin zai karye."

Da gangan ya sa lambar kuskure, kuma ita kaɗai ta ƙi bin ta. Ya kai ta bakin taga ya nuna mata ƙarfen.

"Kin ga akwatunan nan takwas da ke maƙale a sama, biyu-biyu, kowace biyu na kallon kusurwarsu? Su ne eriya. Ki ɗauka maza takwas ne suka hau bishiya suna ƙwala kira. In bakinsu ya zo ɗaya, murya ta yi nisa. In wani ya riga wani, sai su cinye juna, na nesa ba ya jin komai. Ni zan yi lissafi in ba ki lamba, ke ki zana mini inda murya ke kaiwa da inda ba ta kaiwa. Za ki iya?"

Ta ce za ta gwada.

Kowane zane ɗigo ɗari uku da sittin ne, kuma yakan ci mata kwana huɗu. In ta haɗa ɗigon, sai siffa ta fito kamar reshe: manyan ganyaye masu miƙewa nesa, ƙanana a tsakani, da wasu wurare da layin ke nutsewa har kusa da tsakiya, inda sigina ke mutuwa. Injiniyoyi na da sunayensu na littafi. Ita kuwa ganye da rami ta ce, har Babban Injiniya ya gaji da gyara mata, shi ma ya koma cewa ganye da rami. Zanen da ta gama tana ajiye shi a wata faffaɗar durowa, ta kulle. Wanda duk ya kuskura ya ɗora kofin shayi a teburinta, ranar zai san cewa 'yar tela ta iya yanka ko ba almakashi.

A shekararta ta uku wani direban bas ya zo kawo ƙara. A tasha Sannu-Sannu ake kiransa, don ko jaki zai iya wuce shi a kan hanya, amma bai taɓa ko kwarzane mota ba. Mutum ne mai son rediyo kamar me. Ƙararsa ita ce, duk ranar da ake sharhin ƙwallo, da ya kai wata ƙaramar gada sai rediyon motarsa ya koma shuuu, fasinjoji su yi ta zaginsa kamar shi ya kashe. Maigadi ya tura shi wurin masu labarai, masu labarai suka tura shi wurin masu talla, aka yi ta wasa da shi daga ofis zuwa ofis har ya faɗo ɗakin ƙarshen baranda.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wace gadar?"

Ya kwatanta. Ta jawo taswira, ta ɗora zanenta a kai, ta sa bakin fensir. "Nan ke nan. Daga gadar zuwa gidan man da ke gaba ba ka jin komai. Da ka wuce gidan man sai ya dawo."

Sannu-Sannu ya cire hula ya sosa kai. "Ranki ya daɗe, kin taɓa shiga motata ne?"

"Ban taɓa bin hanyar ba ma. Rami ne a wurin."

"Wallahi babu rami, kwalta ce sumul."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, har fensir ɗaya ya faɗo daga ɗankwalinta.

Mako na zagayowa ya dawo da wata ƙarar. Na gaba ma haka. Babban Injiniya ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyata, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan ba rediyo ke damunsa ba." Ta ce ita aikinta take yi. Amma ta fara lura cewa ƙarar tasa na da amfani. Mutumin yana da kunne, kuma ya san kowace bishiya a hanyoyin da yake bi. In ya ce rediyo na mutuwa daga wurin injin niƙa zuwa makaranta, to, haka yake, ko da lissafi ya ce ba haka ba. Ta samo wata taswira daban ta liƙa a bango, tana sa jan ɗigo inda ya ce ba a ji, baƙi inda ake ji. Kafin shekara ta zagayo sun yi aure.

Haka suka zauna. Ya dawo daga tafiya, ya wanke ƙafa, ya zauna a tabarma da kofin shayi, sai ta ce, "To, Baban yara, yaya hanya?" Shi kuma ya san ba lafiyar taya take tambaya ba. Sai ya fara: yau wajen kasuwar itace rediyo yana ɗan shaƙewa, amma bayan tudu ras. Yaransu uku sun tashi suna jin wannan hira, har ƙaramarsu, lokacin tana firamare, ta gaya wa malaminsu cewa aikin babanta shi ne neman ramuka, mamanta kuma tana zana su. In ta ji haushinsa ba ta cewa Baban yara, sai dai Direba. Shi kuwa ko faɗa ake yi, ranki ya daɗe yake cewa, abin da ke ƙara tunzura ta ke nan.

Ba kullum ake dariya ba. Akwai shekarar da ɗansu na tsakiya ya kwanta asibiti wata biyu, tana zuwa aiki ido jawur, ta yi zane guda sau uku tana yagawa. Akwai ranar da Babban Injiniya ya yi ritaya, ya ba ta tsohon kamfas ɗinsa na zane, ya ce, "Ki riƙe." Bai cika shekara biyu ba ya rasu. Bayansa injiniyoyi sun zo sun tafi, wasu na girmama ta, wasu na ganin ta kamar tsohuwar kujerar da suka tarar a ofis. Duk ta zauna da su. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba: hawa ƙarfen eriyar. Ko tsani mai taka biyar ta hau sai jiri ya kama ta. Takan ce ta fi kowa sanin abin da ke can sama, don haka ba ta ga abin da za ta je nema ba.

Tana da shekara hamsin da biyu aka kawo sabuwar injiniya, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, mai saurin tafiya da saurin magana. Ba ta da raini, sai dai irin mutanen nan ne da ke ganin kowa na gudu da irin saurinsu. A makonta na farko ta sa aka shigo da kwamfuta mai faɗin allo aka ɗora a ɗakin Anti, daidai inda ake shimfiɗa takarda.

"Anti, zo ki ga wani abu, za ki so shi."

Ta buga lambobin eriya takwas a cikin wata manhaja: tsayin kowacce, tazarar da ke tsakaninsu, da wadda ke riga wata. Ta danna. Kafin Anti ta gyara zaman tabarau, ga zane ya fito, ganye da rami, ba abin da ya rage, har da launi, ja inda sigina ke da ƙarfi, shuɗi inda ya yi sanyi. Injiniya ta ja shi da linzamin kwamfuta, ya juya kamar ƙwallo.

"Kin gani? Yanzu kin huta da kwana huɗu."

Anti ta ce, "Na gani." Ta buɗe durowa ta ciro zanenta na ƙarshe, ta ɗaga kusa da allon. Iri ɗaya ne sak. Da ta sami kuskure ko ɗaya ne, da ta ji sanyi. Ba ta samu ba. Ta mayar da takardar ta kulle, ta ce kanta na ciwo, ta tafi gida tun kafin a tashi.

Maigidan ya tarar da ita zaune a tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba. Ta gaya masa. Ta ce gobe za ta rubuta takardar ajiye aiki, tun kafin a nuna mata ƙofa.

Ya zauna a gefenta, ya daɗe yana murza gwiwa. "Ranki ya daɗe, kin tuna lokacin da aka ba ni sabuwar bas, wadda sitiyarinta ke juyuwa da ɗan yatsa? Kwana uku ban ci abinci da daɗi ba. Na ce yanzu kowane ɗan iska direba ne. To, motar ta iya juyawa da kanta, amma har yau ba ta san hanya ba."

"Kai dai Direba, komai sai ka kawo mota."

"Ita na sani. Ki je ki koya. An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi."

Ta jefe shi da silifa, ya kauce, amma ba ta rubuta takardar ba.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Hannun da bai taɓa rawa a kan takarda ba, sai ga shi ya kasa sarrafa linzami. Tana ɗaga shi sama kamar za ta nuna allon da shi. Ta goge aikin yini guda sau biyu ba ta san yadda aka yi ba. Injiniya ta yi haƙuri da ita fiye da yadda Anti ta zata, ita kuma ta yi ta faɗa da kwamfutar kamar mai ji. Sai wata rana, tana wasa da linzamin, ta kwantar da zanen ta kalle shi ta gefe. Shekara talatin daga sama take ganin sa, kamar mai leƙen faranti. Ba ta taɓa ganin sa ta gefe ba. Sai ga wasu ganyaye sun miƙe sama, can inda babu gida babu mota.

Ta ƙwala wa Injiniya kira. "Ɗiyata, waɗannan na sama fa?"

"Sigina ne da ke tafiya sama, Anti. Asara ce, ana rage ta ne kawai, ba a iya kashe ta duka."

Anti ta riƙe haɓa. "Ashe duk shekarun nan har tsuntsaye muke yi wa rediyo."

Daga ranar abin ya kama ta. Ta gano cewa in ta sauya lamba ɗaya, ganye zai karkata a gaban idonta. Tambayoyin da ta yi shekaru tana son yi, amma ba ta da kwana huɗu-huɗu na amsa su, yanzu tana yin goma kafin shayinta ya huce. Sai an zo an ce mata za a kulle baranda take tashi. A gida kuma maigidan ya fara cewa an yi masa kishiya da inji, ko ruwan wanka sai ya tuna da kansa.

Shekara biyu bayan haka aka sauya eriyoyin gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne garuruwan bakin kogi. Duk damina ruwa kan tashi ya shiga gidaje, kuma gidan rediyon ne ke sanar da mutane in an ga alamar zai tashi. Amma siginar can ba ta da ƙarfi. Aka yi tsari a manhaja yadda babban ganye zai miƙe har ya rufe garuruwan, Anti da Injiniya suka zauna kansa mako uku. Wani kamfani ya zo ya ɗaura sababbin eriyoyi, aka kunna, mitar awon wuta ta nuna komai lafiya. Shugaban gidan ya shiga rediyo da kansa ya yi wa mutanen bakin kogi albishir.

Kwana huɗu da yin haka maigidan ya dawo daga hanyar kogi. Ta ce, "Yaya hanya?" tana murmushi, don ta san amsar da take jira.

Bai yi murmushi ba. "Kusa da ku kamar zai fasa mini lasifika. Amma daga wurin masu yin bulo har bakin ruwa, babu komai. Gara ma da."

"Ka duba wayar eriyar motarka?"

"Ranki ya daɗe, sauran tashoshi suna kamawa ras."

Da safe ta gaya wa Injiniya. Injiniya ta buɗe manhaja, ta nuna jan ganye kwance a kan kogi. "Anti, ga shi nan. Kuma mitocinmu ba su nuna matsala ba. Rediyon Baba fa ya tsufa, ƙila shi ne."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta soki Anti fiye da ranar da aka kawo kwamfuta. Ta ce, "Rediyonsa ya tsufa, kunnensa bai tsufa ba. Shekara ashirin da tara bai taɓa ba ni ɗigon ƙarya ba." Ta juya ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba.

Ta zauna ta yi tunani. Manhajar ba ta ƙarya, wannan ta yarda. Amma abin da aka gaya mata take zanawa. An gaya mata yadda ya kamata a ɗaura eriyoyin, ba wanda ya gaya mata yadda aka ɗaura su. Ta kira maigidan a waya yana tasha, ta sa ya lissafo mata wuraren tiryan-tiryan, tana sa ja da baƙi a taswirar bango. Sannan ta koma kan kwamfuta ta fara lalata tsarin da gangan. Ta kashe eriya ta biyar, ɗaya daga cikin biyun da ke kallon kogi. Ganyen ya ragu amma bai mutu ba. Ta ƙara wa wayar eriyar tsawo. Bai yi kama da ɗigon taswirar ba. Ta karkatar da su hagu, ta karkatar dama. Shayinta ya huce, aka kawo wani, shi ma ya huce.

Rana ta biyu, wajen ƙarfe sha ɗaya, ta kifar da ta biyar, kai a ƙasa. Babban ganyen ya ɓace daga kan kogi. Ta kwantar da zanen ta kalle shi ta gefe, sai ga shi ya tsage biyu kamar bakin kada: rabi ya tafi sama, rabi ya soki ƙasa kusa da gidan rediyon, tsakiya kuma rami, daidai saitin garuruwan. Amma gefen bai dace da ɗigonta ba, don maigidan ya ce wajen makarantar kwana ana ji, zanen kuma ya ce ba a ji. Ta mayar da ta biyar daidai, ta kifar da ta shida. Ta dubi allo, ta dubi bango, ta sake duban allo. Kowane jan ɗigo ya faɗa cikin shuɗi, kowane baƙi ya faɗa cikin ja.

Ba ta yi gudu ba, don ba ta gudu. Ta je ofishin Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa. "Ɗiyata, in kin sami sarari, zo ki ga wani abu."

Injiniya ta zo ta tsaya a bayanta. Ta kalli allo, ta kalli taswira. Sannan ta ce a hankali, "In ta shida a kife take, mita ba za ta nuna ba. Wuta na fita daidai, cinye juna kawai suke yi." Ta dafa kafaɗar Anti. "Gobe ƙarfe nawa Baba ke tashi?"

Washegari Injiniya ta shiga bas ɗin da na'urar awon sigina a cinya, ta zauna a kujerar gaba. Sannu-Sannu ya sa farar rigarsa mai guga, ya goge gilashi sau biyu. Tun kafin su kai wurin masu bulo ya ɗaga yatsa ya ce, "'Yata, shirya. In mun wuce tankin ruwan can." Suna wuce tankin allurar na'urar ta faɗi, rediyo ya ce shuuu. Fasinjoji da ba su san abin da ake ciki ba suka yi ta mamakin direban da ke murna rediyonsa ya mutu. Da suka dawo Injiniya ta ce tafiyar awa biyu ta ci musu huɗu, amma ba ta taɓa yin awo mai kyau kamar na ranar ba, don motar ba ta girgiza allura ko sau ɗaya ba. Ta kuma durƙusa ta ba shi haƙuri kan maganar rediyonsa. Ya ce ai gaskiya ta faɗa, rediyon ya girme ta.

Aka kashe tashar na awa ɗaya, masu hawa biyu suka ɗaura igiya suka hau. Anti na tsaye a ƙasa, ta kasa ɗaga kai ta kalle su, sai takalminta take kallo. A bayan kowace eriya akwai kibiyar da ya kamata ta kalli sama. Can sai na'urar magana da ke hannun Injiniya ta yi ƙara: "Ta biyar daidai. Ta shida... kibiya na kallon ƙasa!" Maigadi ya yi tafi, shi da bai san kan zancen ba. Anti ta ce, "To, ku juya ta mana, me kuke jira?" Sannan ta koma ɗakinta ta zauna.

Ruwa ya tashi a daminar, kamar yadda ya saba. An yi sanarwa kwana biyu kafin ya iso, kuma an ji ta. Wani mai kwalekwale ya ba Sannu-Sannu saƙon godiya ya kai wa masu rediyo, bai san cewa matar mai ɗaukar saƙon ce ta yi aikin ba. Shi kuwa bai gaya masa ba, ya ce zai isar. Injiniya ta rubuta wa masu yin manhajar, ta roƙi su ƙara hanyar ɗora awon kan titi a saman zane, don a riƙa gwada lissafi da abin da ke ƙasa. Bayan wata bakwai suka ƙara. Anti ta gwada, ta ce ba laifi, amma ɗigonsu ya yi ƙanana.

Ta yi ritaya tana da hamsin da biyar. Zanenta na durowa Injiniya ta hana a taɓa, har yau suna nan a kulle. Maigidan ya ƙara shekara uku a kan hanya, sannan gwiwa ta ce ya isa. Yanzu suna gida, jikoki na zuwa su hargitsa musu ɗaki su tafi.

A bara ta lura ya fara ƙure ƙarar rediyo, kuma in ta yi magana daga kicin sai ta maimaita sau uku. Ya ce ita ce muryarta ta ragu. Duk unguwa an san wannan ba gaskiya ba ne. Ta matsa masa har suka je asibiti. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗora masa abin ji a kunne, yana danna maɓalli in ya ji ƙara. Ma'aikaciyar ta fito da takarda mai layi biyu, tana shirin yin bayani, sai Anti ta miƙa hannu.

"Kawo in gani, ɗiyata." Ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa. "Wannan na dama ne? Ba laifi. Na hagun ne ya nutse daga nan zuwa nan."

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, a asibiti kika yi aiki?"

Maigidan ya karkato da kai. "Me ta ce?"

"Ta ce kunnenka na hagu ya tafi hutu."

"Ai shi ne ke wajen taga shekara arba'in, iska ta cinye shi."

An ba shi ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, amma ya fi zama a aljihu fiye da kunnen, wai yana sa shi jin taunar kansa. Ta yi faɗa har ta gaji. Da ta ga ba zai ji ba, sai ta jawo kujerarta daga inda ta saba zama, ta mayar da ita ta hannun damansa. Can take zama yanzu, da yamma, in an shimfiɗa tabarma, ta ba shi labarin unguwa a kunnen da ke ji. In kuma faɗa ne ya taso, sai ya tashi a hankali ya zagaya, ya ba ta na hagun.